Bayanin Mabuɗan da Allah Ya Ajiye Cikin Ƙwayar Hatsi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, masu binciken tsirrai sun tarar cewa cikin kowace ƙwayar hatsi akwai wani rubutu wanda ido ba ya gani, shi suke kira DNA. Haruffansa huɗu ne kawai, amma a shinkafa sun kusa miliyan 400, a dawa sun haura miliyan 700. An gama karanta na shinkafa a 2005, na dawa da masara a 2009, na gero a 2017.

Rubutun nan babi-babi ne, kowane babi da aikinsa. Amma ba a karanta su duka a lokaci guda. Akwai waɗansu babobi da aikinsu shi ne buɗe waɗansu ko rufe su, kamar yadda malami kan ce da almajiri ya ɗauko allo kaza, ya jingine kaza. In fari ya zo, ko ruwa ya yi yawa, su ne ke ba da umurni. Waɗannan su ne mabuɗan.

Neman su da hannu ya fi ƙarfin mutum, sai da kwamfuta. Kowane dangin mabuɗi yana da alama tasa, kamar shaidar da fatake ke yi wa buhunansu. Na'urar takan bi rubutun ta tsamo duk inda alamar ta fito, sa'an nan ta gwada na dawa da na shinkafa, yadda malamai kan yi muƙabalar littafi biyu. Abin da ta fitar zato ne mai ƙarfi. Tilas a kai shi gona kafin ya zama yaƙini.

Ga misalin amfaninsa. Manoman Indiya suna da wata tsohuwar shinkafa mai jure nutsewa, amma ba ta da yawan amfani. A 2006 masana suka bayyana mabuɗin da ke ba ta jimirin nan, suka kira shi Sub1A. Idan ruwa ya rufe ta, sai ya hana ta gaggawar miƙewa, ta tattala abincinta har wajen mako biyu, ruwa ya janye ta farfaɗo. Aka aurar da ita ga iri mai albarka ta hanyar barbarar fure. A 2017 Nijeriya ta fitar da iri biyu masu wannan hali, FARO 66 da FARO 67.

Wanda ya taɓa ganin ambaliya ta cinye fadama, kana mudu ya yi tsada a kasuwa, ya san nauyin wannan al'amari. Masanan ba su halicci kome ba, abin da aka ajiye suka tono. Manomi ya nemi iri nagari, ya shuka, sa'an nan ya dogara ga Mai bayarwa.

Allah Shi ne Masani. Wassalam.