Daɓe Mai Shan Ruwa Da Daɓen Kwalta: Wanne Ya Fi Araha?



Duk filin da aka shafe da kwalta ko kankare, an hana shi shan ruwa ke nan. Idan aka yi ruwan sama na milimita 50 a kan hekta guda, to lita 500,000 ce ta sauka, kuma tilas a samar mata hanya, in ba haka ba ta nemi hanyar da kanta ta cikin gidajen jama'a. Saboda haka kuɗin kwalta bai tsaya ga shimfiɗa ta ba. Akwai kuɗin lambatu, da kwalbati, da yashe su kowace shekara, da kuma asarar da ambaliya kan jawo.

Shi kuwa daɓe mai shan ruwa, ana rage yashi a cikin haɗinsa domin a bar ƙananan kafofi, ko kuma a jera bulo da 'yar tazara tsakaninsu. A ƙarƙashinsa akan zuba tsakuwa mai kauri, wadda ke riƙe ruwan har ƙasa ta shanye shi sannu a hankali. Wannan tsakuwa da haƙa mai zurfi su ne ke sa ya fi tsada a ranar da aka ba da kwangila. Amma yakan rage girman magudanan da za a gina, kuma yana mayar da ruwa cikin ƙasa inda rijiyoyi ke samu.

Birnin Filadelfiya na Amurka ya yi wannan lissafi. A shekarar 2010 ya fara cajin masu manyan filaye kuɗin ruwan sama gwargwadon faɗin wurin da suka shafe, sa'an nan a 2011 ya ɗauki shiri na shekara 25 wanda ya dogara ga irin wannan daɓe da lambuna masu tsotse ruwa, maimakon haƙa manyan ramukan ajiya kaɗai.

Sai dai fa akwai iyaka. Ba a yin sa a hanyar da manyan motoci ke bi. Wurinsa shi ne filin ajiye motoci, da harabar makaranta, da gefen titi. Ƙasa mai laka, irin firkin yankin Tafkin Chadi, ba ta shan ruwa da sauri. Ƙurar hunturu kuma na iya toshe kafofin idan ba a tsabtace su a kai a kai, wannan ma kuɗi ne.

Don haka jami'in da aka ɗora wa duba takardun kwangila kada ya tsaya ga farashin mita guda. Ya auna ƙasar tukuna, ya haɗa kuɗin gini da na magudana da na kulawa har shekara 20, sa'an nan ya kwatanta. Da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado.