Nazarin Falsafa da Addinai a Ƙaramar Jami'a

Ma'anar Fannonin Biyu

Kalmar falsafa Larabawa ne suka aro ta daga Yunanawa, ma'anarta kuwa son hikima. Fanni ne da ke bin diddigin tambayoyin da sauran fannoni sukan ɗauka an riga an amsa su: mene ne gaskiya, ta wace hanya ake sanin abu, me ya raba adalci da zalunci. Shi kuwa nazarin addinai, aikinsa shi ne bayyana abin da mabiya kowane addini suka yi imani da shi, da tarihinsu, da littattafansu, da ibadunsu. Ya bambanta da tauhidi, domin mai karatun tauhidi yana tsaye ne a cikin addininsa yana kafa masa hujja, amma mai nazarin addinai fahimta yake nema, ko da ta addinin da ba nasa ba ce.

Tsoron da Ake Yi

Iyaye da yawa sukan yi ɗari-ɗari idan ɗansu ya zaɓi waɗannan fannoni, don gudun kada yawan tambaya ya girgiza masa imani. Wannan tsoro ba sabo ba ne, malamai kuma sun daɗe suna tattauna shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙalubalanci masana falsafa a kan mas'aloli 20 cikin littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kafirta su a kan uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tayar da jikkuna. Amma fa sai da ya karanci falsafar ciki da bai kafin ya soke ta, bai kuwa yi watsi da manɗiƙi ba, watau ilmin tsara hujja. Daga baya Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba, Bamalike, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cikin Tahafutut Tahafut.

Muhawarar ta iso har ƙasashen baƙar fata. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baituka da Imam Suyuɗi na Masar: Suyuɗi yana haramta manɗiƙi, Magili yana kare shi. A zaurukan malamai kuwa an daɗe ana karanta Ummul Barahini ta Sanusi, mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Littafin ya fara ne da rarraba hukuncin hankali gida uku: wajibi, wanda hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, wanda hankali ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Almajirin da ya ƙoshi da wannan rarrabewa ya riga ya sa ƙafa a falsafa, ko da bai taɓa jin sunanta ba. A daular Sakkwato ma, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa.

Ƙaramar Jami'a

Manyan jami'o'in Nijeriya da ƙanƙanta suka fara. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a 1948 da ɗalibai 104, kuma Geoffrey Parrinder, wanda ya shahara wajen nazarin addinan gargajiya na Afirka ta Yamma, ya koyar a sashen nazarin addinai na can. A Kano, kwalejin da ta fara a 1960 cikin harabar Makarantar Koyon Larabci ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ba ta zama jami'a mai cin gashin kanta ba sai a 1977.

Ƙanƙanta tana da wata falala ga waɗannan fannoni musamman. Ba a koyon falsafa da hadda. Ana koyonta ne ta hanyar kawo hujja a gaban wanda zai iya rushe ta. A ajin mutum goma, kowane ɗalibi sai ya yi magana, malami kuma yana karanta abin da kowa ya rubuta layi-layi, ya nuna masa inda hujjarsa ta karye. A ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, ɗalibi yana iya gama shekara bai buɗe baki ba. Wannan kusanci ya yi kama da tsarin zaure, inda almajiri yake biya karatu malami yana gyara masa. Har ila yau, a ƙaramin aji Musulmi da Kirista suna zama kafaɗa da kafaɗa shekara uku ko huɗu, ta haka kowa yakan ji bayanin addinin ɗan'uwansa daga bakin mai shi, maimakon daga bakin masu jita-jita.

Sai dai akwai naƙasu. Sashen da ke da malamai uku ko huɗu ba zai iya ɗaukar kowane reshe ba. Idan babu masanin addinan Indiya ko falsafar kimiyya, ɗalibi zai fita bai san su ba. Ra'ayin malami guda yana iya mamaye sashen duka, har ɗalibai su ɗauka shi ke nan gaskiya. Laburare ma yakan yi ƙaranci, ko da yake intanet ta rage wannan matsala ƙwarai. Maganin abin shi ne ɗalibi ya koma ga littattafan asali da kansa, ya koyi harshen da aka rubuta su, kamar Larabci, kuma ya nemi littafin da ya saɓa wa malaminsa ya karanta.

Amfanin Karatun

Akan tambaya: wane aiki mai wannan digiri zai yi? Akwai koyarwa, da aikin jarida, da aikin gwamnati, da sasanta jama'a. Amma babban amfaninsa shi ne iya rarrabe hujja da hayaniya, a ƙasar da rikicin addini ya sha cin rayuka. Abin nazari kuma yana nan a gida. Laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ta tattaro halaye irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci. Tambayar ko kunya tana iya hana mutum faɗin gaskiya, da wadda ya kamata a fifita idan sun ci karo, tambaya ce ta falsafa tsantsa, ba ta kuwa bukatar babban gini ko na'ura mai tsada kafin a tattauna ta. Abin da take bukata shi ne littafi, da malami mai haƙuri, da ɗalibin da ba ya jin nauyin tambaya, domin Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.