Wa Zai Tayar Da Inna?

'Yan'uwana mata, a wannan mako za mu yi magana a kan wata jinya wadda ba a cika faɗinta a fili ba, watau jinyar wanda ƙiba ta yi wa yawa har ya kasa tashi da kansa. Ku matan Fammar da sauran garuruwan ƙasar Kibiya da Rano, kun san irin gidan da nake nufi. Inna tana ɗaki, ba ta fita tsakar gida sai an kama ta. 'Ya'yanta maza suna Kano ko Legas wajen nema, suna aiko da kuɗi a ɗauki mai aiki. To, da an aiko da kuɗin nan, shi ke nan an sauke nauyi?

Bari mu fara da ciwon kansa. Mun saba ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata, amma likitoci suna da ma'auninsu. Ana auna nauyin mutum da kilo, a raba da tsawonsa na mita, sa'an nan a sake raba abin da aka samu da tsawon nan. In lissafi ya kai 30, ƙiba ta zama ciwo. In ya kai 40, ta yi tsanani. Misali, mace mai tsawon mita 1.6, in ta kai kilo 77 ta shiga sahun farko, in ta kai kilo 103 ta shiga na biyu. Kilo 103 kuwa ya ɗara buhun siminti biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta zama ciwo. Ashe ba ciwon Turawa kaɗai ba ne.

Irin wannan ƙiba takan jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa, takan kuma sa numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci. Kada ku ce kwaɗayi ne kawai ya kawo ta. Akwai gado, akwai zaman wuri ɗaya, akwai kuma ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Waɗansunsu, kamar dexamethasone, suna kumbura fuska da ciki, su ta da sukari da hawan jini. In Inna ta taɓa shan su, a gaya wa likita, gama ranar wanka ba a ɓoye cibi. In tana sha har yanzu, kada a tsayar farat ɗaya sai da shawararsa.

Yanzu ku dubi aikin da ke ciki. Wadda ba ta iya juyawa da kanta, lalle ne a juya ta kamar bayan kowane awa biyu, in ba haka ba gyambo ya fito mata a ƙugu da diddige. A wanke mata duk inda fata ta ninku, ƙarƙashin mama da mara da matsematsi, a tsane sarai, domin gumi yana sa wurin ya saɓule. Ga kai ta bayan gida dare da rana. Mace ɗaya ba ta ɗaga buhun siminti biyu. In ta gwada, ko bayanta ya riƙe, ko su faɗi tare. Sai mutum biyu ko uku, a shimfiɗa zane mai ƙarfi a ƙarƙashinta, a kama gefe da gefe a juya ta, kada a ja ta da hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗaukar mai jinya a biya ta ba abin kunya ba ne, kuma ba ya nuna 'ya'ya sun yar da uwarsu. Amma a yi shi bisa ƙa'ida. A nemi babbar mace mai ƙarfi da haƙuri, ba ƙaramar yarinya ba. A yanka mata lada a gaban shaidu, a sa ranar biya, kada a saɓa. A kai ta asibitin da ke kusa, ma'aikaciyar lafiya ta nuna mata yadda ake juyawa da wankewa. A kuma ba ta hutu. A shekarar 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan masu aikin gida, ta ce a ba su hutun awa 24 a jere kowane mako. Wadda ba ta yi barci ba takan yi fushi, fushin kuwa a kan marar lafiya yake sauka.

Duk da haka akwai abin da kuɗi ba ya saye. Mai aiki ba ita za ta yanke shawarar zuwa asibiti ba, ba ita za ta sayi magani ba, ba kuma muryarta Inna ke marmarin ji ba. Wannan na 'ya'ya ne, maza da mata. Malamai sun bayyana cewa kula da iyaye wajibi ne a kan waɗanda suka haifa; abin da matar ɗa ta yi wa uwar mijinta alheri ne, a gode mata. Saboda haka ke uwargida, in kaya ya yi miki yawa, ki gaya wa maigida cikin ladabi ya tara 'yan'uwansa a raba. Wannan ya ɗauki ladan mai aiki, wancan magani, wance ta zo kwana biyu a mako. Na nesa ma ya riƙa zuwa, zumunta a ƙafa take.

Ku kuma 'yan makaranta, taimakon kaka abin kirki ne. Ki ɗebe mata kewa, ki duba lokacin shan magani, ki rubuta ranar komawa asibiti. Amma ɗaga ta ba aikinki ba ne, kuma kada a cire ki daga aji domin jinya. Dokar ƙasa ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare.

Game da abinci, kada a horar da ita da yunwa, kada kuma a ware mata tukunya kamar mai laifi. Gida duka a rage mai da sukari da lemon kwalba, a rage malmalar tuwo, a yawaita zogale da rama da wake. A roƙi masu zuwa dubiya su daina kawo soye-soye. Mai kilo 100 in ta rage kilo 5 zuwa 10 a hankali, sukari da hawan jini sukan yi sauƙi. In tana iya taka ƙafa, a kama ta ta zaga tsakar gida safe da yamma.

In kun ga numfashi yana yi mata wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko gyambo ya buɗe, kada a jira ranar kasuwa. A kai ta Babban Asibitin Rano. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku Kano.

Abu na ƙarshe, a kiyaye mutuncinta. A saki labule in ana yi mata wanka, a hana yara yi mata dariya, a kuma nemi shawararta a kan abin da ya shafi jikinta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa.