Sukarin da ya rage ne ke faɗin lokacin rufe kwalba

A Ingila tun 1963, a Amurka kuma tun 1979 bayan dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu, mutum yana iya dafa giyarsa a gida ba tare da lasisi ba. Tambayar da sabon shiga a can ya fi yi ita ce kwana nawa zai bar ruwan ya tsimu kafin ya ɗura a kwalba. Amsar da ya fi ji ita ce mako biyu. Wannan amsa kintace ne, kuma dogaro da ita ya sha tarwatsa kwalabe a ɗakunan ajiya. Tsimuwa aikin halitta ce mai rai, wadda ba ruwanta da kalanda. Tana ƙarewa ne idan sukarin da za ta ci ya ƙare, kuma duk wanda ya rufe murfi kafin nan ya kulle iska da hannunsa. Ƙa'idar ta shafi har wanda bai taɓa kusantar giya ba, matuƙar yana ɗura kunun zaƙi ko zoɓo a gora.

Louis Pasteur na Faransa ne ya tabbatar, daga 1857 zuwa gaba, cewa ƙananan halittu masu rai ne ke haddasa tsimuwa. Yisti, irin wanda ke kumbura burodi, yana cin sukari ya fitar da abu biyu: sinadarin da ke sa maye, da iskar kabon. Lissafin a bayyane yake. Giram 180 na sukarin gulukos yana ba da kimanin giram 92 na sinadarin maye da giram 88 na iska, wadda ta kai kusan lita 49 idan aka sake ta a sarari. Ke nan giram 10 kacal, kwatankwacin cokalin shayi biyu, zai fitar da iskar da ta haura lita biyu da rabi. Idan tukunya a buɗe take, iskar ta tafi abinta. Idan a cikin kwalba mai murfi ne, ba ta da mafita, sai ta narke a ruwan ta riƙa danna gilashin daga ciki har ya gaza.

Saurin wannan aiki ya dogara da zafi, da yawan sukari, da irin yistin da lafiyarsa. Giyar da ake tsimawa a digiri 18 zuwa 22 takan gama cikin mako ɗaya zuwa biyu, wadda ake tsimawa a sanyin digiri 10 kuwa tana ɗaukar makonni. Sanyin dare ɗaya yana iya sa yisti ya kwanta a gindin mazubi alhali sukari na nan, ya farka daga baya cikin kwalba. Shi ya sa ƙwararru ke amfani da haidiromita, wata 'yar sandar gilashi mai nauyi a gindi da ake sakawa a ruwan. Ruwa mai sukari yana da kauri, sai sandar ta taso. Sukarin yana raguwa tana nutsewa. Ruwan da ya fara a 1.050 yakan sauka zuwa wajen 1.010. Idan aka auna yau, aka sake aunawa bayan kwana biyu ko uku, lambar ba ta motsa ba kuma ta kai inda ake tsammani, to aiki ya ƙare. Sai a zuba sukari ƙididdigagge, kamar giram 6 zuwa 8 a kowace lita, domin ya ba da iska daidai ƙarfin kwalba. Wanda ya ɗura saura maki biyar na haidiromita a sauka ya kusan ninka iskar da kwalbarsa za ta ɗauka.

Wani zai ce mutanen da ba su san ma'auni ba, kwana suke ƙirgawa, kuma abinsu yana yin daidai. Gaskiya ne, amma a duba yadda suke yi. Burukutun da ake dafawa da tsiron dawa a sassan Filato da kudancin Kaduna a tukunya buɗaɗɗiya yake tsimuwa, ana shansa yana kan kumfa, ba a toshe shi a ajiye. A Zambiya da Zimbabuwe, inda ake sayar da giyar hatsi ta Chibuku a kwali, an bar wa kwalin 'yar kafa a sama domin iska ta fita. Ƙidayar kwana tana aiki ne inda iska ke da hanya, kuma kuskuren yini ɗaya bai wuce ya canza ɗanɗano ba. Murfi ne ya mayar da ƙaramin kuskure haɗari. Wani kuma zai ce a jira kumfa ta daina fita. Ita ma ba shaida ba ce, domin murfin mazubi mai yoyo yana ɓoye ta, ruwan da ya gama kuma yana iya ci gaba da sakin tsohuwar iska idan ɗaki ya ɗumama. Barin ruwan wata da watanni ma ba mafita ba ne: iskar waje na shiga, bakteriya su mayar da shi ruwan tsami.

Mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, giya haramun ce a gare su, suna da hujjar tambayar abin da ya haɗa su da batun. Abin da ya haɗa su shi ne yisti ba ya zaɓen tukunya. Yana jikin gero da dawa, yana kan ludayi da bokiti da gorar da ba a wanke da kyau ba. Kunun zaƙi da zoɓo da lemon citta duk ruwa ne mai sukari, kuma a zafin Kano ko Maraɗi na watan Afrilu, da ke kai digiri 40, ƙananan halittu suna yin aikin kwanaki cikin sa'o'i. Gorar kunu da ta yini a rana takan yi tauri, gindinta ya turo waje, a murɗa murfi ta yi huci, kumfa ta biyo hannu. Wannan iskar shaida ce cewa ana cin sukarin, kuma inda yisti ne ke ci, sinadarin maye yana taruwa tare da ita, ko da kaɗan ne. Malaman fiƙihu ma da suka yi magana kan tsimin dabino da zabibi sun lura da tafasa da fitar kumfa a matsayin alamar ya juya.

Don haka mai sana'ar kunu da zoɓo ba ta buƙatar haidiromita, amma tana buƙatar ƙa'idar da ta haife ta. Ta tafasa abin da za a iya tafasawa, ta wanke gora da ruwan zafi, ta ɗura gwargwadon cinikin yini, ta sa a firji ko cikin ƙanƙara, tana sane cewa sanyi rage saurin tsimuwa yake yi, ba ya kashe ta. Mai saye kuma ya matsa gorar kafin ya biya kuɗi. Idan ta ƙi lotsawa, ya ajiye ta, ko da an ce masa da safe aka dama.