A Ba Samarinmu Littafi da Makulli

'Yan'uwa manoma, in muna zagayen ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, abu guda muke tararwa kusan ko'ina. Dattawa suna kan benci a gaba, samari kuwa suna tsaye a bakin ƙofa. In an zo ɗaukar buhunan taki, sai a kira su. In an zo yanke shawara, sai a ce su dakata. To, muna so mu bayyana wata doka da ta shafi waɗannan samari, da kuma abin da ya rage a wuyanmu.

Ran 31 ga Mayu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki wanda ake kira Not Too Young To Run, watau ƙuruciya ba ta hana takara. Matasa ne suka yi ta fafitikarsa tun 2016, a ƙarƙashin ƙungiyar YIAGA da shugabanta Samson Itodo. Amma ba su kaɗai suka ɗauki jinkar ba. Tony Nwulu ne ya gabatar da ƙudurin a Majalisar Wakilai, Abdul'aziz Nyako kuma a Majalisar Dattawa. Sa'an nan sai da aka nemi yardar majalisun jihohi, gama ba a taɓa tsarin mulki sai 24 cikin 36 sun amince.

Ga abin da ya sake. Dā sai mai shekara 30 ke neman kujerar Majalisar Jiha ko Majalisar Wakilai. Yanzu 25 ta isa. Shugaban Ƙasa dā 40 ne, yanzu 35. Gwamna da Sanata suna nan a 35. Har yanzu dole jam'iyya ce za ta tsai da mutum, ya kuma yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa. Jefa ƙuri'a kuwa, daga shekara 18 ne, ga namiji da mace, rajista kuma kyauta ce.

Mu duba gida. Kowace cikin ƙananan hukumomin nan huɗu tana da kujera guda a Majalisar Jihar Kano. A Majalisar Wakilai kuma Kiru da Bebeji suna da guda, Tudun Wada da Doguwa guda. Kujeru shida ke nan waɗanda ɗan shekara 25 yana da iko ya nema. A waɗannan majalisu ake zartad da kasafin kuɗin hanya da asibiti da taki, da gyaran magudanan ruwan Tiga.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne a ƙasar Kano. Sa'ad da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano, wanda ya shugabance ta daga baya, bai wuce shekara 30 ba. Abubakar Rimi yana da 39 ya zama Gwamna a 1979, ya soke haraji da jangali. Tsofaffinmu ba su manta da wannan sauƙi ba. Alhassan Ado Doguwa yana da 27 ya shiga Majalisar Wakilai a 1992, Abdulmumin Jibrin kuma yana da 34 ya fara wakiltar Kiru da Bebeji a 2011.

Amma fa doka ƙofa kaɗai ta buɗe. Saurayin da bai taɓa riƙe littafin kuɗi ba, bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya ba da lissafi ba, da me zai shiga? In mu ba mu ba shi aiki ba, akwai masu ba shi: su miƙa masa gora da ƙwaya ran zaɓe. Ba mu manta ba, a Fabrairu 2023 an yi tashin hankalin zaɓe a Tudun Wada har aka rasa rayuka.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu abubuwa huɗu.

Na ɗaya, a zaɓen ƙungiya mai zuwa a ba saurayi ko budurwa muƙami na gaske, kamar magatakarda ko mataimakin ma'aji. A ba shi littafi da makullin sito, ba suna kawai ba. Dattijo guda ya riƙa duba littafin tare da shi kowane wata.

Na biyu, in za a kai kuka wurin kansila ko shugaban ƙaramar hukuma, a kan gadar da ta karye ko takin da ya makara, a tafi da matasa biyu. Su rubuta takardar, ɗayansu ya karanta ta, su ajiye kwafi da kwanan wata.

Na uku, duk lokacin da hukumar zaɓe ta buɗe rajista, magatakarda ya lissafa waɗanda suka cika 18, a ga sun yi, a ga kuma sun karɓo katinsu. Kada a bar 'yan mata a baya.

Na huɗu, in ɗan takara ya ziyarce mu, ko na wace jam'iyya ne, a bar matasa su yi masa tambaya, a rubuta amsarsa. Ƙungiya ba ta jam'iyya ba ce, ƙuri'ar kowa tasa ce.

Wani zai ce, in yaron ya ɓata lissafi fa? Zai yiwu. Amma gara ya yi kuskure a kan buhu goma muna kusa mu gyara, da ya yi shi a kan dukiyar ƙaramar hukuma ba mai kwaɓarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma samari, wanda aka ba makulli ya zo taro a kan lokaci, ya ba da lissafi tun ba a tambaye shi ba. A zagayenmu na bayan girbi za mu tambayi kowace ƙungiya: wa ke riƙe da littafinku, shekarunsa nawa?