Baƙo da Ɗan Gari: Wa Ke da Bakin Magana a Taron Unguwa?

A duk inda Hausawa suka taru don shawara kan abin da ya shafi zamansu, akwai wata tambaya da takan taso tun kafin a shiga maganar da ta tara su, watau wa ke da bakin magana a wurin? Shin duk wanda ya kwana a unguwa ya tashi yana da ikon tsoma baki, ko kuwa sai wanda ya daɗe, aka san shi, aka san gidansu? Wannan maƙala za ta dubi tambayar ta fuskar al'ada da fiƙihu da tarihin ƙasar Kabi, kuma za ta ɗauki unguwar Badariya ta Birnin Kebbi a matsayin misali.

Dalilin zaɓen Badariya a fili yake. A ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aka mai da Birnin Kebbi hedkwata. Ma'aikata daga masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, waɗanda da yawansu a Sakkwato suke aiki, suka kwaso iyali suka taho. 'Yan kasuwa da masu sana'a suka biyo su. Tsohon gari bai iya ɗaukar wannan jama'a ba, saboda haka unguwannin da ke gefensa, irin Badariya, suka cika suka batse. A irin wannan unguwa za ka tarar da mai gidan kansa da ɗan haya, da wanda ya shekara talatin da wanda ya zo bara, duk suna salla a masallaci ɗaya, kuma lambatu ɗaya ke kwashe ruwan gidajensu. In aka tashi tara kuɗin 'yan sintiri, ko gyaran taransifoma, ko yashe lambatu kafin damina, ba a tsallake ƙofar kowa. Sai ranar da za a zauna a yanke yadda za a kashe kuɗin ne ake tuna cewa wane baƙo ne.

Hujjar masu cewa a taƙaita

Bai kamata a yi gaggawar watsi da ra'ayin masu cewa magana ta zaunannu ce ba, domin suna da hujjoji masu ƙarfi. Ta farko ita ce sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ga damina ashirin a wuri ya san ta inda ruwa ke bi in ya yi yawa, ya san iyakar filin makaranta, ya san abin da ya raba gidan wane da gidan wane har ba su zama a tabarma ɗaya. Sabon zuwa yana iya kawo shawara mai daɗin ji, alhali an taɓa gwada ta, ta haifar da rigimar da aka sha wuya kafin a kashe.

Ta biyu kuwa ta fi nauyi, ita ce ɗaukar sakamako. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da hantsi ya yi ta bushe, kaba kuwa tana nan rani da damina. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zai ɗaure kayansa ya tafi, ya bar bashin da ya goyi bayan a ci a wuyan waɗanda ba su da inda za su. Daɗin daɗawa, kowa ya san yadda mai neman wani muƙami kan cika taro da fuskokin da ba a sani ba, a rinjayi masu wuri da yawan hannu. Wanda ya taɓa ganin haka ba za a zarge shi ba in ya ce a tsare ƙofa.

To, amma da zarar an yarda a tsare ƙofar, sai wata tambaya ta biyo baya: wane ne zaunannen? Kalmar baƙo a Hausa tana da faɗi ƙwarai. Matafiyin da ya kwana ɗaya baƙo ne, ɗan cirani baƙo ne, haka kuma akan kira mutumin da aka haifa a gari baƙo don kawai kakansa daga wani wuri ya zo. Tarihin Kabi kansa ya isa ya sa mutum ya yi hattara da wannan kalma. Labarin baka na cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, asalinsa daga Kuyambana ta ƙasar Katsina yake. Birnin Kebbi kuwa shi ne babban birnin Kabawa har 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci shi. Sarautar Kabi ta koma ta kafu a Argungu, birnin kuma ya zama mazaunin Sarkin Gwandu a yau. In tsawon zama kaɗai ne ma'auni, daga wace shekara za a fara ƙirga? Kowane ɗan gari, in aka bi salsalarsa, za a iske ranar da kakansa ya sauke kaya a ƙofar wani.

Mai masauki

Al'adar Bahaushe ba ta bar wannan matsala haka kawai ba. Hanyar da ta bi ita ce ta mai masauki. Baƙo ba ya shiga gari ya zauna kansa tsaye, sai ya sauka a hannun wani. Mai masaukin shi zai kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da hakimi (a ƙasar Sakkwato da Kabi hakimi shi ne wanda Kanawa ke kira dagaci, na sama da shi kuwa uban ƙasa). Daga ranar nan baƙon yana da baki, sai dai bakin nasa yana bi ta kan wanda ya tsaya masa. In ya yi ɓarna mai masauki za a nema, in an zalunce shi mai masauki zai kai kuka. Ma'anar sai da ɗan gari akan ci gari ke nan ta fuskarta mai kyau.

Hausawa sun tafi da wannan tsari har inda su ne baƙi. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda fataucin goro da shanu ya dogara kan masu gida, waɗanda ke saukar da fatake, su tsaya musu wajen bashi, su yi magana da yawunsu gaban Sarkin Sabo. Mutum kan zo yana baƙo, ya zama yaron maigida, in ya yi gaskiya wata rana shi ma ya zama maigida. Ƙofa ce mai matakala. A kwatanta da birnin Atina na tsohuwar Girka, inda dokar shekara ta 451 kafin haihuwar Annabi Isa ta ce ba ɗan gari sai wanda uwa da uba duk 'yan gari ne. Baƙin mazauna suna biyan haraji, suna zuwa yaƙi, amma ba su da baki a majalisar jama'a ko sun tsufa a birnin. Aristotal da duk iliminsa a wannan matsayi ya zauna a can.

Matsalar unguwa irin Badariya ita ce matakalar ta karye. Yau mutum yakan kama haya ta hannun dillali, mai gidan ma wataƙila a Abuja yake, ba wanda ya kai shi gaban kowa. Saboda haka ba shi da mai tsaya masa, su kuma mutanen unguwa ba su da wanda za su tambaya. Rashin yardar da ake gani a wurin taro yawanci daga nan ya samo tushe.

Abin da fiƙihu ya rarrabe

Malaman Malikiyya, wadda ita ce mazhabar wannan ƙasa, sun yi wani rarrabewa a babin sallar Juma'a da ya cancanci a tsaya a kansa, don ya fi abin da muke yi a tarurrukanmu tsari. Sun kasa mutane uku. Akwai matafiyi, wanda Juma'a ba ta wajaba a kansa ba, ko da yake in ya halarta ta isar masa. Akwai mazauni, watau wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye, wanda ya daina ƙasaru kuma Juma'a ta hau kansa. Sannan akwai wanda ya riƙi garin gida, ya yi niyyar zama ba ranar tashi. Juma'a ba ta ƙulluwa sai da mutum goma sha biyu ban da liman, waɗanda za su tsaya tun daga huɗuba har sallama, kuma sharaɗi ne su kasance daga kashi na uku.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na ɗaya, ba a auna kashi na uku da haihuwa ko da yawan shekaru ba, da niyyar zama aka auna shi. Wanda ya tare jiya da nufin nan ne gida ya shiga lissafi. Na biyu, kuma shi ya fi ba ni sha'awa, mazaunin da ba ya cikin goma sha biyun an yarda ya yi limancin Juma'ar. Ke nan yana iya hawa mumbari ya yi wa gari duka huɗuba, alhali ba da shi ake cika adadin da salla ke ƙulluwa da shi ba. Malamai sun raba ikon yin magana da ikon ƙulla al'amari, suka ba kowanne nasa sharaɗi. Ba ina cewa hukuncin ibada ya hau kan taron unguwa ba, amma hankalin da ya yi wannan rabo abin aro ne.

Darasin Matan Fada

Kabawan Argungu sun kai ga irin wannan rabo ta hanyar ruwa. Matan Fada wani yanki ne na gulbi da ake hana su a cikinsa tsawon shekara. Hanin bai ware kowa ba, ɗan gari da baƙo duk ya hau kansu. Masu sarautun ruwa, irin Sarkin Ruwa da Homa, su ke tsaron wannan doka, kuma gadon gidajensu ne gyaran ruwa da fashinsa. Bikin da duniya ta sani a yau ana danganta farkonsa da 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Watau tun asali don karrama baƙo aka shirya shi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Ranar su, da an ba da alama, dubban masunta ke rugawa cikin ruwa, na Argungu da na wasu garuruwa har da na ƙetaren iyaka. Ba a tambayar mutum asalinsa a bakin gulbi. Abin da ake dubawa shi ne kayan aikinsa, homa da gora kamar na kowa, da kuma kada ya riga alama shiga. Wanda ya kamo giwan ruwa mafi nauyi shi ya ci, ko daga ina ya fito, domin sikeli bai san ɗan gari ba. Amma fa ba wanda zai ce don ya ci gasa bana shi zai sa ranar buɗe ruwa baɗi. Wannan yana hannun waɗanda za su zauna da gulbin bayan taro ya watse.

In aka ɗora wannan a kan taron unguwa, ina ganin hana sabon zuwa magana hasara ce ga masu hanin. Sau da yawa shi ne ke ganin abin da ido ya saba da shi har ya daina gani, kuma mai yiwuwa ya zauna a inda aka riga aka warware irin matsalar. Abin da ya kamata a tsare shi ne ladabin magana da lokacinta: ya gabatar da kansa, a san gidan da yake, ya jira a ba shi dama kamar kowa. (A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya. Mata da samari da yawa a unguwar aka haife su, amma ba a jin muryarsu a taro, abin da ke nuna cewa ba daɗewa kaɗai ke buɗe baki ba.)

Wajen yanke hukunci kuwa, sai a dubi tsawon ran abin da ake yankewa. Kuɗin sintiri na wata-wata ne, duk wanda ake karɓa a hannunsa yana da haƙƙin a ƙirga hannunsa, ko watansa biyu da tarewa. Sayar da filin jama'a, ko cin bashi da sunan unguwa, ko naɗa wanda zai riƙe amanar masallaci, waɗannan za su daɗe bayan ɗan haya ya tashi, saboda haka a bar su ga waɗanda suka riƙi wurin gida. Sai dai a auna riƙon da abin da ido ke gani, kamar zuwa jana'iza da fita aikin gayya da biyan abin da aka yanka, kada a auna shi da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda wurin asalinsa, kuma mutumin Zuru da ya zo Birnin Kebbi a 1991, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya binne nasa a maƙabartar garin, ya cika kowane sharaɗi da malaman fiƙihu suka gindaya.

Saura ɗan hayan da ba wanda ya san shi. Maganinsa tsohon magani ne, a mai da aikin mai masauki. In dillali ya ba mutum makulli, ya zama wajibi shi ko mai gidan su kai shi gaban mai unguwa cikin makon farko, a haɗa shi da maƙwabci ɗaya da zai riƙa sanar da shi ranar taro, ya kuma gabatar da shi in ya tashi yin magana karo na farko.