Abin da ke sa sautin kwamfutar DJ ya riƙa ƙas-ƙas a wurin biki

A yawancin bukukuwan da ake yi a Gusau a yau, kiɗan kamu da na dina daga kwamfutar tafi-da-gidanka yake fitowa, ta manhajoji irin su VirtualDJ da Serato. Idan sauti ya fara ƙas-ƙas ana tsakiyar taro, DJ ne ke shan kunya, wani lokaci ma a hana shi cikon kuɗinsa. Galibi kan lasifika ake ɗora laifin, har wani ya ci bashi ya sayo sabuwa, alhali ba kasafai matsalar ke fitowa daga can ba.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A cire wayar da ke kai sauti zuwa mikisa, a sa hedifon a jikin kwamfutar, a saurari waƙar. Idan ƙas-ƙas ɗin na nan, ciwon yana cikin kwamfuta ko a waƙar kanta. Idan ya ɓace, sai a koma kan wayoyi da mikisa da wutar da ake amfani da ita.

A cikin kwamfuta, babban mai laifi shi ne abin da manhajojin ke kira bafa, wato ɗan rumbun da kwamfuta ke tara sauti a ciki kafin ta tura shi waje. Waƙa ta yau da kullum tana ɗauke da gutsattsarin sauti 44,100 a kowace daƙiƙa. Idan aka saita bafa a 128, kwamfutar na da ƙasa da kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ta sake cika rumbun. Da zarar ta makara, sai a samu giɓi, kuma wannan giɓin ne kunne ke ji a matsayin ƙas. Ɗaga shi zuwa 512 na ba ta kusan kashi 12 cikin 1,000, jinkirin da mai haɗa waƙoƙin biki ba zai ma lura da shi ba. Ƙaramin bafa na masu goga faifai ne da ke buƙatar amsa nan take. Ga tsohuwar kwamfuta ta gwanjo, neman rigima ne kawai.

Akwai kuma abubuwan da ke janye hankalin kwamfutar: Wi-Fi da Bluetooth a kunne, Windows na sabunta kansa, ko tsarin tattalin batir da ke rage mata ƙarfi. A kashe su kafin a fara aiki. Mai amfani da kontirola ya tabbata ya sa direban ASIO na kamfanin da ya ƙera ta. Manhajar LatencyMon, wadda ke da nau'in kyauta, tana nuna direban da ke haddasa tsaikon.

Zafi ma na da nasa rabon. Ƙurar hunturu na toshe fankar kwamfuta, sannan zafin Maris zuwa Mayu ya zo ya same ta a haka. Idan ta yi zafi sosai, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa wani DJ zai ce lafiya lau yake farawa, sai bayan awa guda sauti ya lalace. A buɗe ta a share, kuma a daina ɗora ta kan katifa ko darduma.

Idan kuwa hedifon ya fito tas, sai a kasa kunne ga irin ƙarar. Gurnani mai kauri da ba ya yankewa na wuta ne. DJ da ya ɗauki kaya daga Gusau zuwa Tsafe ko Bunguɗu ba zai dogara da wutar KAEDCO ba, janareta zai tarar, kuma sau da yawa da fitilu da firiji duk a layi ɗaya. A zare caja, kwamfutar ta koma kan batir. Idan gurnanin ya tsaya, an gano bakin zaren: a jona kwamfuta da mikisa da amfilifaya a soket guda, a sauya caja idan ta bogi ce, ko a sa akwatin DI tsakanin kwamfuta da mikisa. Wasu na karya ƙafa ta uku ta filogi don kashe ƙarar. Wannan ganganci ne, domin ita ce ke kai wuta ƙasa idan waya ta lalace, maimakon ta bi ta jikin wanda ya riƙe makirfo.

Ƙarar da ke zuwa sai an taɓa waya kuwa, kan wayar ne ya saki ko ya yi tsatsa. Wadda ke fitowa sai ganga ta buga da ƙarfi, ita kuma ƙure sauti ne ya yi yawa: a duba fitilun mikisa, in suna kai wa ja a sassauta daga nan, a ƙara ƙarfin daga amfilifaya.